Wanda Ya Tsinci Kare

Mai karatu, na san tun daga ganin kan wannan magana wani zai ja tsaki ya ce, ashe duk abin da ke damun jama'a yanzu an rasa wanda za a ɓata takarda a kansa sai kare? To, ka yi haƙuri ka biyo ni a hankali, domin ni ma kafin shekarar 2022 da wani ne ya rubuta, abin da zan faɗa ke nan. Mu Hausawa in muna son mu wulaƙanta mutum sai mu ce masa kare, in abin ya yi zafi mu haɗa da ubansa. Amma ga shi yau akwai kare a gidana, ni nake ba shi abinci da hannuna, kuma ya taɓa jawo mini abin da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Tambayar da nake son mu duba tare ita ce: mutumin da ya ceci wata halitta daga mutuwa, ya gama aikin lada ke nan, ko kuwa bashi ya ɗauko wa kansa? In kuma bashi ne, wa ke bin sa?

Ni mazaunin Gummi ne, can bakin gari. Ina ɗan koyarwa a firamare, ina noma, ina da 'yan tumaki da awaki da ba su fi ƙarfin yatsun hannu ba. Dangin mahaifiyata kuwa mutanen Adabka ne ta ƙasar Bukkuyum. Kowa a nan ya san ɓarnar da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin watan Janairun 2022. Bayan wannan tungaye da yawa suka watse, yau wannan gobe waccan, mutane suka kwashi abin da kai zai iya ɗauka suka nufi Anka, wasu Gummi, wasu can gaba. Kawuna yana cikin waɗanda suka baro tungarsu kusa da Adabka. Bayan kamar mako guda ya matsa sai na kai shi bisa babur ya duba ko akwai sauran hatsi a rumbunsa. Muka je. Babu komai a wurin rumbun sai toka.

Muna shirin juyawa sai na ji wani ɗan siririn kuka kamar na jinjiri a bayan wata danga. Na leƙa. Wata karya ce ɗaure da igiya a turke, ta mutu, ta haƙe ƙasar da ke kewaye da turken har ta yi rami. Gefenta ga kwikwiyo ɗaya, fata da ƙashi, ƙudaje sun rufe masa ido. Ban zargi masu ita ba, kuma har yau ban zarge su ba, domin wanda ya fita cikin dare da yara uku a hannu ba ya tuna igiyar kare. Na sami wata fasasshiyar sakaina na zuba masa ruwa daga gorata. Ya sha, ya yi amai, ya sāke sha.

Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da wanga abu? Mutane na ta kansu, kai kana ta kare? Mu tai tun rana ba ta yi ba."

Na ce, "Kawu, in mun bar shi mutuwa zai yi."

Ya ce, "Uwatai ma ta mutu, duniya ba ta tashi ba."

Duk da haka na sa shi cikin buhun da muka zo da shi don hatsi, na rataya a gaban babur. Buhun da ya kamata ya koma da gero ya koma da kare. Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, a kan hanyar nan raina fari ƙal. Ina ta tuna labarin da aka karantar da mu tun muna yara, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa saboda haka. Sai nake jin kamar ni ne mutumin. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na iso gida uwargida ta ga abin da ya fito daga buhu, sai ta yi salati ta ja da baya. Ta tuna mini abin da kowa ya sani game da mala'ikun rahama da gidan da aka ajiye kare, ta ce ita dai ba da ita ba. Don haka da magariba na tafi zauren malaminmu, inda muke karatun Risala, na faɗa masa. Malam ya yi murmushi ya ce shari'a ta yi izinin riƙon kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron shuka, ni kuwa ina da dabbobi ina da gona. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa umurni ne da ake bi don bauta. Har ya ba mu labarin da masu sharhi ke kawowa game da mai Risalar kansa, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Wai katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi ajiye kare a gida, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Duk zauren aka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba, domin kowa ya san irin namu zamanin.

Malam ya gindaya mini sharuɗɗa. Kada ya shiga ɗakuna, kada ya kusanci randa da wurin salla, ya zauna can wajen turken dabbobi, kuma kada ya cuci kowa. Na farkon duk na riƙe su daram. Na ƙarshen nan kuwa na ji shi ne kamar yadda ake jin "a sauka lafiya".

Na sa masa suna Tsintau. Da ya fara murmurewa sai kamanninsa suka fito, ashe barbarar yanyawa ne. Dogayen ƙafafu da shafaffen ciki irin na karnukan farauta, amma kunnuwa a tsaye da baƙin gadon baya irin na karen Turawan nan da ake ce wa karen 'yan sanda. Akwai wani tsohon mafarauci a unguwarmu, shi ya dube shi ya ce uwar ta daji ce, uban kuwa daga birni ya fito. Mutane suka yi ta yi mini ba'a, wai tsintacciyar mage ba ta mage, balle kare. Wannan tsohon ne kaɗai ya ɗauki abin da gaske, kuma kusan duk abin da na sani game da kare a wurinsa na koya.

Kiwon kare ba wuya gare shi ba, naci yake so. Safe da yamma ina jiƙa masa ƙanzo, in dama dusa da ruwan zafi in haɗa, ranar da na bi ta wajen mahauta in roƙo masa ƙashi, wani lokaci kan kifi. Kaskonsa daban, na ruwansa daban, ba mai taɓa su da wani aiki. Da bazara ruwan nan sau uku nake sākewa, domin kare ba ya gumi kamar mu, da harshe yake fitar da zafi, in ka gan shi yana haki a rana to inuwa da ruwa yake nema. Kaska kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Duk bayan kwana biyu sai na duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, in cire su in jefa cikin gwangwanin kananzir. Ya zo da ƙazuwa da tsutsar ciki, na kai shi wurin malamin dabbobi ya yi masa allura ya ba shi magani. A ranar ne malamin ya ce mini, da zarar ya cika wata uku in dawo da shi a yi masa rigakafin ciwon hauka, sa'an nan a riƙa sākewa duk shekara. Na ce to. Na koma sau ɗaya aka ce allurar sai an kawo, domin cikin sanyi ake ajiye ta. Daga nan sai gobe, sai jibi, sai an yi albashi, sai an gama shuka. Ka san halinmu.

Wajen horo kuwa, farko da sanda na fara, yadda na ga ana yi. Tsohon mafarauci ya same ni ina dukansa don ya kashe ɗan tsako da safe, ni kuwa sai da azahar na gani. Ya karɓe sandar ya ce, "Malam, kare ba shi koyo da sanda, da cikinai shika koyo. Wanga dukan da kaka yi, bai san na mine ne ba. Shi dai ya ga ka dawo gida ka hau shi da bugu." Ya nuna mini cewa kare yana haɗa sakamako ne da abin da yake cikin yi a daidai wannan lokacin, abin da ya wuce da awa guda ya riga ya fita kansa. Sai muka sāke salo. In zan ba shi abinci sai in kira sunansa, in ɗaga kaskon sama, ba zan ajiye ba sai ya zauna. Cikin mako guda ya gane "zauna". Ƙofar shiga cikin gida kuwa, duk sa'ad da ya sa ƙafa sai in ce "fita", in mayar da shi, in ya tsaya da kansa a bakin ƙofa in jefa masa ɗan ƙanzo. Kaji ma haka, na riƙa zagayawa da shi da igiya a tsakiyarsu, ya yunƙura in ce "bari" in ja, ya kau da kai in ba shi lada. Yau kaza na iya tsallake ƙafarsa yana kwance. Da na ba Malam labari sai ya ce ai ko a Suratul Ma'ida an halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, wato ke nan ko cikin karnuka mai ilmi da jahili ba ɗaya ba ne.

Abu biyu ne horo bai taɓa ba. Na farko ƙarar babura. Nawa ya saba da shi, yana jin sa tun daga nesa ya fara kaɗa wutsiya. Amma in babura uku ko huɗu suka wuce tare, musamman da dare, sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana kyarma, wani lokaci har da fitsari. Duk wanda ya san yadda mutanen daji ke shigowa ƙauye, goyon biyu-biyu da uku-uku, ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne, a ajina akwai yaran da iyayensu suka yi gudun hijira, su ma in jerin babura ya wuce bayan makaranta sai ka ga sun yi tsit, ido na kan taga, alli ya tsaya a hannu. Tun daga ranar da na lura da haka ban ƙara jawo Tsintau daga ƙarƙashin rumbu da ƙarfi ba. Nakan zauna kusa in yi ta kiran sunansa har ya fito.

Na biyu shi ne abinci. Wanda ya taɓa kwana shida da yunwa kusa da gawar uwarsa ba ya yarda cewa akwai gobe. In yana ci, ko ni na matso sai jikinsa ya sandare, ya yi gurnani can cikin maƙogwaro. Wata rana ɗana ya miƙa hannu kusa da kaskon, Tsintau ya kai masa cafka ya yage hannun riga. Me na yi? Yaron na yi wa faɗa, na ce wa ya aike shi, har na yi dariya. Wallahi mai karatu, wannan dariyar ita ce laifina mafi girma a cikin duk labarin nan, domin daga ranar na san karena yana cizo.

A 2023, ana saura 'yan makonni Babbar Salla, ina makaranta aka aiko yaro da gudu wai in zo gida. Ɗan maƙwabcina ne, yaro ɗan shekara shida, uwarsa ta aiko shi aron rariya. Ya shigo ta baya wajen dabbobi, 'yar ƙwallonsa ta gangara ta tsaya jikin kaskon Tsintau yana cikin ci. Yaro ya sunkuya ya ɗauka. Haƙora biyu suka shiga bayan hannunsa.

Allah Ya saka wa uwargida da alheri, ita da ta ce ba da ita ba. Kafin kowa ya iso ta riƙe hannun yaron tana wankewa da sabulu, ana zuba mata ruwa da buta, ta yi ta yi har kusan kwata na awa, yadda ta taɓa ji a rediyo. Wasu na cewa a sa toka, wasu a ɗaure da tsumma, ta ƙi saurarensu. Ni kuwa da na iso na tarar da samari a ƙofar gida da gorori, Tsintau na ƙarƙashin rumbu. Uban yaron, dattijo ne da nake ce wa Baba, yana tsaye bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, an yi ma karen ga allura?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "In yaron ga ya mutu, mi za ka ce min?"

Da a ce samarin nan sun kashe karen a lokacin, da ban hana ba. Tsohon mafarauci ne ya tsaya a gabansu ya ce in an kashe shi an kashe shaida, a ɗaure shi kwana goma a gani. Malamin asibiti ma da muka kai yaron abin da ya faɗa ke nan: karen da ke ɗauke da ciwon a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya kai kwana goma lafiya lau. Amma ya ce ba za a zauna jiran kare ba, dole a fara yi wa yaro allura, domin ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa da firgita, to kusan babu mai tashi. Yakan yi wata ɗaya zuwa uku yana tafiya a ɓoye ta jijiya har ya kai ƙwaƙwalwa, wannan tazarar ita ce kaɗai damar da ake da ita. Ba a sami allurar a kusa ba. Da asuba na kama hanyar Gusau, ta Daki Takwas da Anka, hanyar da ba a shiga sai da addu'a, na dawo da ita cikin fulas da ƙanƙara. Ragon da nake kiwo don layya shi ya biya kuɗin allura da na mota. Aka yi wa yaro ta farko, aka yi ta kwana uku, aka yi ta kwana bakwai.

Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 wannan ciwo ke kashewa duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma yara ƙanana suna da yawa a ciki. Abin takaicin shi ne maganin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar ya tsira. A nan gida ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, ta daɗe tana yin ta karnuka. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari rigakafi, ciwon ba ya samun hanyar yawo. Wato allurar da na yi ta ɗagawa ba ta Tsintau kaɗai ba ce, ta yaran unguwa ce. Mu mutanen wannan yanki bai ma kamata a koya mana haka ba. A 2010, lokacin gubar dalma ta wajen haƙar zinariya, agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyuka ba wanda ya kula, kafin yara sama da 400 su bi su a su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Abin da ya sami dabbar tsakar gida yana dab da ɗan tsakar gida.

Kwana goman nan ban yi barcin kirki ba. Na ɗaure Tsintau da sarƙa a gindin darbejiya. An ce in lura ko zai ƙi abinci, ko yawu ya riƙa dalala, ko muryarsa ta sāke, ko ya hau cizon duk abin da ya gani, ko ƙafafun baya su saki. Kullum bayan sallar asuba sai Baba ya biyo ni daga masallaci, ba ya cewa komai bayan gaisuwa. In ajiye kasko, in zuba ruwa, mu ja da baya mu tsaya, manya biyu muna kallon kare yana lasar ruwa kamar masu duban jinjirin wata. In ya shanye sai Baba ya juya ya fita. Haka muka yi sau goma.

A cikin dararen nan ne na koma kan mutumin rijiya. Sai na ga ashe ni da shi ba hanyarmu ɗaya ba. Shi ya shayar da kare ya ci gaba da tafiyarsa, aikinsa ya cika a wurin, ba wanda zai tambaye shi abin da karen ya yi washegari. Ni kuwa ɗauko shi na yi na kawo cikin mutane. Daga sa'ad da na sa shi a buhu na fita daga babin mai shayarwa na shiga wani babin, wanda a cikinsa ne ake ba da labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, aka yi mata azaba. Duk abin da ka tsare, cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka. Wannan ɓangaren na yi ƙoƙari a kansa, har ina yabon kaina. Abin da ban lissafa ba shi ne haƙoransa ma suna wuyana. Malam ya taɓa gaya mana cewa cikin dalilan da malamai suka kawo na raguwar ladan mai ajiye kare ba bisa buƙata ba, akwai tsoratar da mutane da cutar da masu wucewa. Ashe tun can maganar ba ta tsaya kan ƙwarya da yawu ba, da maƙwabci a cikinta.

Sai na tambayi kaina, tausayin nan da na ji a tungar, na kare ne ko na kaina? Domin na lura duk abin da ke da daɗi a cikin aikin na yi shi ba fashi. Ba da abinci da daɗi, kare na kaɗa maka wutsiya. Horo da daɗi, mutane na cewa kai Malam, karen nan kamar mutum. Amma zuwa a bi layin allura, da gina masa wuri, da yarda cewa abin da kake ƙauna yana iya cutar da ɗan wani, waɗannan ba mai yaba maka, su ne kuwa na bari. Ban ce tausayin ƙarya ba ne. Na dai ga cewa wanda ya biya kuɗinsa yaro ne ɗan shekara shida da ba a yi shawara da shi ba.

Akwai kuma maganar Kawu, wadda wani abokin aikina ya maimaita mini da ya ji na sayar da rago: ga 'yan gudun hijira na kwana da yunwa a kangaye, kai kana hidimar kare. Da can amsata a shirye take, nakan ce ƙanzo da dusa yake ci, ban rage tuwon kowa ba, kuma tun da ya girma ba a ƙara zare mini akuya ba. Amma a shekarar nan naman layyar da zai shiga gidaje biyar ko shida na mabuƙata bai shiga ba, kuma sakacina ne ya cinye shi. Na kuma lura cewa masu faɗar wannan magana ba kullum ne suke kai wa 'yan gudun hijirar abin da suka hana kare ba. Duk da haka maganar tana da nauyi, ban kuwa sauke ta gaba ɗaya ba. In yau na sāke tarar da kwikwiyo a bayan danga, ruwa kam zan ba shi. Buhu ne zan yi tunani kafin in buɗe.

Ran kwana na goma Tsintau ya cinye ƙanzonsa, ya sha ruwa, ya yi miƙa ya kwanta. Malamin asibiti ya ce tunda kare lafiya lau yake, yaro ya tsira, sauran allurar ma ba sai an ƙarasa ba. Na bi Baba har ƙofar gidansa na durƙusa na ce, "Baba, na yi laifi. In ka ce a kashe shi, yau za a kashe shi, ba zan ji komai ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Karen ga bai san komi ba, Malam. Kai ka sani." Ya shige gida.

A makon nan aka yi wa Tsintau allura, na karɓi kati, kuma tun daga nan ban ƙara bari shekara ta zagayo ba a sāke ba. Katin yana cikin Risalata, a babin da muka tsaya. Na kewaye masa wuri da kara da waya a bayan turke. Da rana yana ciki, ko kuma yana tare da ni a gona inda yake samun gudu ya more, da dare in an rufe ƙofa in sake shi cikin dabbobi. Lokacin cin abincinsa ba yaron da ke zuwa wurin, nawa ko na wani. Tsohon mafarauci ya koya mini wata dabara, in yana ci in riƙa wucewa nesa kaɗan ina jefa masa abin da ya fi na kaskon daɗi, kullum ina ƙara matsowa, har ya gane cewa hannun da ya nufo kasko ƙari ya kawo. Ya yi sauƙi ƙwarai, yanzu ni ina iya ɗauke kaskon yana kallo. Amma ban gwada da yaro ba, ba kuwa zan gwada ba.

Ni da Baba muna gaisawa, muna haɗa sahu, ranar suna ko rasuwa muna zama tabarma ɗaya. Sai dai matarsa ta daina aiko yara ta ƙofar baya. Yaron ya shiga makarantarmu, tabo biyu na nan a bayan hannunsa, ina ganin su duk sa'ad da ya ɗaga hannu zai ba da amsa. In an aiko shi gidana yakan tsaya a zaure ya ɗaga murya ya ce, "Malam, an ɗaure shi?" In ce an ɗaure. Ba ya shigowa sai ya ji ƙarar sarƙa da kunnensa.